Wa Ke Da Ikon Ba Da Umurni? Tsarin Rundunoni a Yaƙin Normandi, 1944

Duk lokacin da muka zauna hirar Yaƙin Hitila, sai in ji 'yan'uwana ɗalibai suna cewa yawan jirage da makamai ne ya kayar da Jamus a gaɓar Normandi. Ban musa ba. Amma ni a nawa ganin akwai abin da ya riga makami, wato wa ke ba da umurni, wa kuma ke bi.

Ran 6 ga Yuni 1944 sojoji kimanin 156,000 suka ƙetaro daga Ingila suka sauka a Faransa, wasu ta laima, mafi yawa ta jiragen ruwa da suka kusa 7,000. Mutanen nan ba ƙasarsu ɗaya ba. Amurkawa suka sauka a gaɓar Utah da Omaha, Ingilishi a Gold da Sword, 'yan Kanada a Juno. Duk da haka shugabansu guda ne, Janar Eisenhower. A ƙarƙashinsa Montgomery ke riƙe da sojan ƙasa, Ramsay na ruwa, Leigh-Mallory na sama, dukkansu uku Ingilishi. Kada mai karatu ya ɗauka babu gardama a tsakaninsu. Sai da Eisenhower ya yi barazanar ajiye aiki kafin a sa manyan jiragen sakin bom ƙarƙashinsa a watan Afrilu. Amma dai an gama rigimar tun ba a shiga ruwa ba.

To, Jamusawa fa? Nan ne abin mamaki. Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, mai mulki ɗaya, amma kawuna barkatai. A takarda Rundstedt ne babban kwamandan yamma, sai dai sojan ruwa da na sama ba sa jin tasa, kowa na da ubangidansa a Jamus. Rommel kuwa, da yake ƙarƙashinsa yana tsaron gaɓar, yana da hanyar kai magana wurin Hitila kai tsaye.

Babbar jayayyarsu a kan tankokin yaƙi ce. Rommel ya ɗanɗana wutar jiragen sama a Afirka ta Arewa, don haka ya ce a ajiye tankoki dab da teku, a murƙushe abokan gaba tun ƙafarsu na jiƙe. Rundstedt ya ce a'a, a tara su can baya, sai an tabbatar da inda aka sauka a auka musu gaba ɗaya. Kowannensu na da hujja. Hitila bai zaɓi ko ɗaya ba, sai ya raba: rundunonin tankoki uku ga Rommel, uku a kudancin Faransa, huɗu kuwa ba mai taɓa su sai da izninsa. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar da abin ya zo, Rommel yana gida Jamus wajen zagayowar ranar haihuwar matarsa. Tun da asuba Rundstedt ya nemi a sakar masa runduna biyu daga cikin huɗun nan. Hitila na barci, izni bai fito ba sai wajen la'asar, alhali gari ya buɗe, jiragen sama na shawagi bisa hanyoyi. Runduna ta 21 kaɗai ta kai farmaki da tankoki a wunin. Wani sashenta ya kutsa tsakanin Juno da Sword har bakin teku da yamma, da bai ga mai biyo shi ba sai ya ja da baya.