"Ba Ciwon Asibiti Ba Ne": Tarihin Zaman Maganin Gargajiya da na Asibiti a Ƙasar Gusau

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ya sha jin wannan magana a bakin manya idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: "Ai wannan ba ciwon asibiti ba ne." Da zarar an faɗe ta sai a naɗe tabarma, a sauko da majiyyaci daga gado, a nufi gida. Ni ɗan ƙasar Bungudu ne, tun ina ƙarami nake jin ta. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun maganar cikin tarihi, mu ga yadda mutanenmu suka raba cututtuka gida biyu, da yadda iyakar da ke tsakanin gidajen ta yi ta matsawa. Ra'ayina kuwa shi ne, abu biyu ne ke matsar da ita, wato abin da jama'a suka gani da idonsu, da kuma yardar da suka yi wa mai ba da magani.

Kafin Zuwan Turawa

Bahaushe bai taɓa ɗora lafiyarsa a hannun mutum ɗaya ba. Kusan kowace sana'a tana da maganin da ta gada. Wanzami shi ke ƙaho da tsaga da kaciya da cire beli. Maɗori shi ke ɗaurin karaya da gyaran targaɗe. Ungozoma ke yanke cibi da kula da mai jego. Wanda ƙayar kifi ta maƙale wa sai gidan sarkawa, wanda wuta ta ƙona sai gidan maƙera. Ga kuma 'yan magori da 'yar mai ganye da ke yawo da saiwa da sassaƙe kasuwa-kasuwa. Idan kuwa aka ɗauka ciwon na iska ne ko na sammu, sai boka ko 'yan bori. Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙasar Bungudu ya daɗe da shahara wajen tsafe-tsafen Maguzawa. Har yau harshenmu na riƙe da wannan tunani, domin cutar da ke shanye ƙafar yaro "shan Inna" muke ce mata, wato Inna ta cikin iskoki ce ta sha shi.

Wannan ilimi a ka yake, kuma gado ne. Uba kan nuna wa ɗansa itacen, amma ya ɓoye wa maƙwabci mahaɗin. Saboda haka idan tsoho ya faɗi bai sanar ba, maganin ya bi shi kushewa.

Gefe guda kuma akwai malamai. 'Yandoto da ke kusa da Tsafe tsohuwar cibiyar karatu ce tun kafin jihadi. Mutane sun fi sanin malamai da rubutun sha da tofi da laya, alhali kuwa akwai ɗibbu na littafi wanda ya taso daga hadisai da kuma rubuce-rubucen likitocin Musulmi na da. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai a kan ciwon ido da basir da tsutsar ciki, har da guda sukutum a kan amfanin filasko. Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan lafiyar jiki, haka ma Malam Muhammadu Tukur wanda ya zauna a Matuzgi, nan cikin Zamfara. Abin lura a nan shi ne, waɗannan malamai sun rubuta sunan magani a fili domin kowa ya karanta. Bugu da ƙari, da Baturen nan Kilafaton ya isa Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likita wanda zai zauna a ƙasarsa. Ke nan shugabannin wancan zamani ba su ɗauki ilimin magani na baƙi abin gudu ba.

Zuwan Asibiti

Kalmomin "asibiti" da "likita" duk aro ne daga Ingilishi, sun shigo tare da Turawan da suka ci Sakkwato a 1903. Likitocin farko sojoji da ma'aikatan gwamnati suka zo dubawa, talaka sai daga baya. Wani abin ban sha'awa shi ne, babban makamin da ya ba Turawa damar zama a ƙasarmu sassaƙe ne. Kwinin daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu ake samun sa, kuma da shi ne Dokta Baikie ya shiga Kwara da Binuwai a 1854 ya fito bai rasa mutum ko ɗaya ba. Daga cikin likitocin mulkin mallaka akwai Dalziel, wanda ya zauna da masu magani yana tambayar su, har ya buga littafin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a 1916.

Zuwa 1929 layin dogo ya ratsa Tsafe da Gusau ya kai Ƙaura Namoda. Gusau ta cika da 'yan kasuwar gyaɗa da auduga da baƙi daga Kudu. En'e ta shiga buɗe disfensare a manyan garuruwan gundumomi, aka sa malaman asibiti da duba-gari. To, amma jama'a ba su ruga ba. Asibiti wuri ne da ake yanka mutum yana barci, namiji yana duba matar aure, kuma mutum na iya cikawa nesa da danginsa babu mai laƙƙana masa kalmar shahada. Ga shi kuma a ƙarshen shekarun 1930 an danƙa wa 'yan mishan asibitocin kutare na Amanawa da Babbar Ruga da Yadakunya, sai tsoron canza addini ya ƙaru a kan na wuƙa. Likita ɗan Arewa na farko, Dokta Barau Dikko, sai a 1940 ya kama aiki. A wannan zamani kusan kowane ciwo na gida ne, asibiti kuwa na wanda aka fid da rai da shi.

Yadda Iyakar ta Matsa

Gani ya kori ji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu allurar fenisilin ta iso, mutane suka ga tunjere da ciwon sanyi da miyagun gyambuna suna warkewa cikin 'yan kwanaki. Daga nan allura ta yi farin jini, har ya zama wanda aka ba ƙwaya kawai yakan dawo yana cewa ba a duba shi ba. A shekarun 1950 ƙwayar dafson ta sa kuturta, wadda aka ɗauka ba ta da magani, ta fara jin magani. Sai kuma babban gangamin lambar agana da aka fara a 1967, ana bi gari-gari da bindigar allura. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. Kakanninmu da yawa suna ɗauke da tabon lambar a dantse, mu kuwa ba mu taɓa ganin cutar ba. Kurkunu ma haka, tace ruwan sha da gina rijiyoyi suka kawar da shi, aka tabbatar wa Nijeriya rabuwa da shi a 2013. Babu wanda ya kafa doka cewa waɗannan cututtuka sun koma na asibiti. Jama'a ne suka gani suka sallama.

Shi ma maganin gargajiya bai tsaya inda yake ba. Dogonyaro da muke dafa ganyensa don zazzaɓi asalinsa itacen Indiya ne, a zamanin Turawa aka baza shi a ƙasar nan. Yau kuwa a kasuwar Tsafe mutum zai ga kafso da ƙwayar ciwon kai a faifai ɗaya da sassaƙen maɗaci da garin sabara.

Inda Aka Yi Karo

Wajen haihuwa ne karon ya fi zafi. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna a shekarun 1970 da 1980 cewa doguwar naƙuda a gida ita ce babbar sanadin yoyon fitsari, yankan gishiri kuma yana ƙara yawan masu shi. A nan Gusau akwai cibiyar ɗinkin wannan lalura a asibitin Farida. Haka kuma Davidson da Parry sun danganta ciwon zuciyar masu jego da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta da yawan shan kunun kanwa. Daga baya likitocin zuciya a Kano suka sake bincike, suka ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini na masu ciki suna da babban hannu a ciki. Wannan ya nuna wata ɗabi'a mai kyau ta asibiti, wato rubuta abin da aka gani domin na baya ya gyara.

Amma asibiti ma ya zubar da yarda. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya bar ɗakunan magani fayau, likita ya koma rubuta takarda a je kemis, jabun magunguna suka cika kasuwa. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka mutu, aka shekara da shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da shi. Sai da malamai da sarakuna suka sa baki aka dawo, kuma a 2020 aka bayyana cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka. Iyakar da aka yi shekaru ana turawa gaba, rashin yarda ya ja ta baya cikin 'yan watanni.

Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, bori ya ƙara ja da baya, masu ruƙiyya da shagunan habbatus sauda da zuma da man zaitun suka yawaita. Sunan mai maganin ya sauya, amma rabon nan na gida biyu yana nan.

Darasi mafi ɗaci shi ne na 2010. Yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Jiƙo bai yi ba, maganin zazzaɓin cizon sauro ma bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jini, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Abin da ya ceci saura shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa da ba da ƙwayar da ke fitar da dalma daga jini. Wannan ciwo ne da ido ba ya iya ganewa, sai awo.

Inda Aka Tsaya Yau

Har yanzu akwai cututtukan da muke riƙe wa a gida. Ana cewa shawara ba ta son allura, alhali rawayar ido alama ce kawai, tana iya zama ciwon hanta ko sikila ko zazzaɓi mai tsanani, a jariri kuma jinkiri na iya taɓa ƙwaƙwalwa. Karaya ta maɗori ce, kuma gaskiya maɗora da yawa sun iya aikinsu, ga sauƙin kuɗi, ga kusanci. Amma idan ƙashi ya huda fata, ko aka matse ɗauri har jini ya daina gudu, ƙarshenta yanke hannu ne. Farfaɗiya da taɓin hankali kuwa har yau iska ake ɗora wa, ko da yake akwai ƙwayoyin da ke tsayar da su. A cikin duk waɗannan, abin da ya fi kisa shi ne jinkiri da ɓoye-ɓoye. Majiyyaci ba ya gaya wa likita jiƙon da ya sha don kada a yi masa tsawa, mai jiƙon kuma ba ya faɗin abin da ya haɗa.

Hukuma ta yi nata yunƙurin. An kafa NAFDAC a 1993, tana yi wa magungunan gargajiya rajista, an kuma fito da manufar ƙasa a kan maganin gargajiya a 2007. Misalan haɗin kai ma akwai su. Maganin zazzaɓin da Nijeriya ta koma wa a 2005 bayan kulorokwin ya daina ci, daga wani ɗan'uwan tazargade na ƙasar Sin aka ciro shi, kuma Tu Youyou da ta gano shi a tsofaffin littattafan ƙasarsu ta duba, ta sami kyautar Nobel a 2015. Filaskon da Bello ya yi wa littafi, danginsa na cikin magungunan bayan gida da ake sayarwa a kemis. Ga shi kuma rashin tsaro ya kori ma'aikatan lafiya daga ƙauyuka da dama na Tsafe da Bungudu, wanzami da ungozoma su ne suka rage kusa da jama'a. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe da waɗannan mutane za su yi aiki, ko sun so ko sun ƙi.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne, Bahaushe ba ya gaba da magani don asalinsa. Wanda ya ga ya yi aiki shi yake bi, wanda ya yarda da shi kuma shi yake gaya wa gaskiya. Saboda haka likita ya tambayi majiyyaci abin da ya sha ba tare da wulaƙanci ba, mai maganin gargajiya kuma ya san inda iyawarsa ta tsaya, ya tura mutum asibiti tun da sauran ƙarfinsa. Mu kuma ɗaliban Hausa muna da namu aikin. Sunayen itatuwa da na cututtuka da yadda ake haɗa magani suna bakin tsofaffi, dazuzzukan kuma suna ƙarewa. Idan aka yi hutu, kowa ya zauna da tsohon unguwarsu da alƙalami da takarda, ya rubuta sunan itacen da ciwon da ma'aunin, yadda masu ilimin harhaɗa magunguna za su sami abin aunawa, su tace mai amfani daga mai cutarwa. Bello ya rubuta nasa shekara kusan 200 da suka wuce, shi ya sa har yau ake karantawa.