Jaririn da Aka Haifa Ranar da Turawa Suka Ci Sakkwato

A 2013 mutanen Ingila sun yi cincirindo a ƙofar asibiti don haihuwar Yarima George. Shi kuwa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, a Dange aka haife shi ranar 15 ga Maris, 1903, ranar da Turawa suka ci Sakkwato. Kowa na ta kansa, wa ke ta barka? Sai ga shi ya hau gadon sarauta a 1938, ya shekara 50 a kai.

Ni dai mahaifiyarsa nake tausayi, jego a tsakiyar yaƙi. Mu ma nan ƙasar Kontagora akwai matanmu masu jego nesa da iyayensu. Don Allah mu riƙa leƙa su, ko da kunun kanwa ne.