BABI NA UKU: TARIHIN HASASHEN CUTUTTUKAN MASARA DA AUDUGA A AMURKA, 1929–2012

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aka yi ta ƙoƙarin hango ɓarkewar cuta a gonakin masara da auduga a ƙasar Amurka. Za a kawo misalai uku domin a nuna cewa amfanin hasashe ya ta'allaƙa ne ga lokacin da ya isa kunnen manomi, wato ko kafin ya sayi iri ya yi shuka, ko bayan amfani ya riga ya tsaya a gona.

3.1 Lissafin Sanyin Hunturu

A shekarun 1932 da 1933 wata cuta mai sa masara ta yi yaushi ta yi ɓarna ƙwarai a gabashin Amurka, musamman ga masara mai zaƙi. Ana kiran ta cutar Stewart, da sunan masanin da ya bayyana ta a 1897. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsalle ne ke yaɗa ta, kuma a cikinsa ƙwayar cutar ke fakewa har hunturu ya wuce. Stevens (1934) ya lura cewa shekarun ɓarna sukan biyo bayan hunturu marar tsanani, domin matsanancin sanyi yakan kashe ƙwaron. Saboda haka ya fito da lissafi mai sauƙi: a tara matsakaicin zafin Disamba da na Janairu da na Fabrairu a ma'aunin Farenhait. Idan jimlar ta gaza 90, cutar ba za ta yi tasiri ba. Idan ta haura 100, to a shirya wa ɓarna. Muhimmancin wannan lissafi shi ne, yana kammala a farkon Maris, tun ba a fara shuka ba. Manomin da aka gargaɗa yana da sararin neman irin da ke jure cutar.

3.2 Annobar 1970

Al'amarin ya sha bamban a 1970. Kamfanonin iri sun daɗe suna ɗaukar lebura su cire furen saman kara kafin a haɗa auren masara. Don guje wa wannan ɗawainiya, sai suka koma ga wani jinsi da aka samo a Teksas wanda furensa na namiji ba ya haihuwa. Ya zuwa 1970, kusan kashi 85 cikin 100 na masarar ƙasar tana ɗauke da wannan gado. Tun 1961 wasu manazarta a Filifin suka ba da rahoton cewa jinsin yana da rauni ga wata fumfuna mai ƙona ganye, amma ba a ba rahoton muhimmanci ba. Cutar ta tashi daga Fulorida a farkon shekarar, iska da laima suka kora ta arewa, ta cinye kimanin kashi 15 cikin 100 na amfanin ƙasar, asarar da aka ƙiyasta a kan dala biliyan 1.

A 1971 Ma'aikatar Gona da hukumar binciken sararin samaniya, NASA, da Jami'ar Purdue suka haɗa gwiwa wajen sa ido. Jiragen sama suka riƙa ɗaukar hotunan zaɓaɓɓun yankuna a jihohi 7 duk bayan mako biyu, malaman gona kuma suna duba gonakin a ƙasa. Sakamakon ya nuna cewa hoto yana bambanta gonar da cuta ta ci ƙarfinta da lafiyayya, amma ba ya kama cutar tana farawa. Abin da ya kawo ƙarshen annobar shi ne sauya iri: kamfanoni suka koma ga tsohon jinsi da cire fure da hannu, kuma zuwa 1972 matsalar ta kau.

3.3 Ruɓewar Saiwar Auduga

Amfani da hoton sama ya girmi annobar 1970 da nisa, kuma a gonar auduga ya fi yin rana. Taubenhaus da Ezekiel da Neblette (1929) sun ɗauki hotunan gonakin Teksas daga jirgi don nazarin cutar ruɓewar saiwa. Fumfunar da ke haddasa ta tana zaune cikin ƙasa shekara da shekaru, kuma takan kashe auduga a kusan gurbi ɗaya kowace damina. Ke nan taswirar bara hasashe ce ta bana. Sai dai an daɗe ana da wannan sani ba tare da magani mai inganci ba, har zuwa 2012 da aka ba manoman Teksas izinin gaggawa na amfani da maganin Topguard. Da yake maganin yana da tsada, kuma lokacin shuka ake zuba shi, tsofaffin hotuna suka zama jagora: a zuba a gurbin da cuta ta saba fitowa, a bar sauran gona.

3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa lissafin Stevens da taswirar auduga sun yi amfani ne saboda sukan riga shuka zuwa, kuma akwai matakin da manomi zai ɗauka. Jiragen 1971, duk da tsadarsu, sun fi kusa da ihu bayan hari. Haka kuma, gargaɗin da ya kamata a ji, wato rahoton 1961, ya zo da wuri amma bai sami mai saurare ba. Babi na gaba zai duba yadda shigowar kwamfuta ta shafi wannan fage.