Batirin keken naƙasassu mai lantarki: yadda za ka kula da shi

A Gabi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, keken guragu da aka fi sani shi ne mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Amma akwai wani iri mai tafiya da lantarki. An yi shi ne domin wanda hannuwansa ba su da ƙarfin tuƙi. Wani injiniya ɗan ƙasar Kanada mai suna George Klein ya ƙera irinsa a shekarun 1950, saboda sojojin da suka naƙasa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ran wannan keke shi ne batir. Idan batir ya mutu, mai keke ya koma zaman gida: ba kasuwa, ba masallaci, ba zumunci. Kuma sabon batir yana da tsada, sai an je birni kamar Maraɗi ko Katsina ko Kano. Abu biyu ne suka fi kashe batir a ƙasarmu: zafi, da barinsa babu caji. In ka kiyaye waɗannan biyu, ka tsare dukiyarka.

Wane irin batir ne a cikin keken?

Yawancin kekunan suna da batir biyu a ƙarƙashin kujera. A jikin kowane ɗaya za ka ga an rubuta 12V. An haɗa su suna aiki tare, ƙarfinsu ya zama 24V. Za ka kuma ga wata lamba da haruffan Ah, misali 35Ah ko 50Ah. Wannan lamba tana nuna yawan wutar da batir yake iya ɗauka. In lambar ta fi girma, keke ya fi yin nisa.

A cikin batir akwai faya-fayan dalma da ruwan asid. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro irin wannan batir a shekarar 1859. Na keken naƙasassu a rufe yake ruf, ruwansa ba ya zuba. A jikinsa akan rubuta GEL ko AGM. Kada ka buɗe shi, kada ka zuba masa ruwa.

Akwai kuma batirin lityum, ɗan'uwan na wayar salula. Ba shi da nauyi, yana daɗewa, amma ya fi tsada, kuma cajarsa daban ce.

Kada ka yarda a sa maka batirin mota. Shi aikinsa tayar da inji ne cikin ɗan lokaci. Ba a yi shi domin ya yini yana ba da wuta ba. Zai mutu da wuri, kuma ruwansa yana iya zubo maka. Araha ba ta ado.

Me ya sa batir yake mutuwa?

Na farko, rashin caji. Duk lokacin da batir yake aiki, wani abu mai kama da farin gishiri yana taruwa a kan faya-fayan dalma. Caji shi ke narkar da shi. In aka bar batir kwanaki babu wuta a cikinsa, gishirin nan yana daskarewa, ba ya sāke narkewa. Daga nan batir ba ya riƙe caji kamar da.

Na biyu, zafi. Batir ya fi son yanayi mai awo 25 a ma'aunin zafi. Masana sun ce duk ƙarin awo 10 a kan haka yana rage kwanakinsa da kusan rabi. Ka san yadda bazara take a jahar Maraɗi: a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce awo 40. Keken da aka bari a tsakar rana, ko a ɗakin kwano rufe, batirinsa dahuwa yake yi.

Yadda za ka yi caji

1. Ka sa caji duk ranar da ka yi tafiya da keke, ko da tafiyar kaɗan ce. Kada ka jira sai wuta ta ƙare.
2. Ka bar shi ya cika. Yakan ɗauki awa 8 zuwa 10. In fitilar caja ta koma tsanwa, ya cika.
3. Ka yi amfani da cajar da ta zo tare da keken. Cajar batirin dalma ba ta lityum ba ce. Haɗa su yana iya tayar da gobara.
4. Ka kashe keken kafin ka jona caja.
5. Ka yi caji a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da fitilar kananzir da taba. Kada ka lulluɓe caja da zane.
6. In ka dawo daga tafiya batir yana da zafi, bari ya huce tukuna.
7. In za ka ajiye keken, cika batir, sa'an nan ka riƙa sa masa caji aƙalla sau ɗaya a wata.

Sabon batir ba ya nuna ƙarfinsa duka a ranar farko. Sai ya yi caji sau da yawa. Kada ka yi doguwar tafiya da shi a makon farko.

Idan babu wutar NIGELEC fa?

Ƙauyuka da yawa ba su da wuta. Ko a birni ma ana ɗaukewa, kamar yadda aka gani a shekarar 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Saboda haka kafin ka karɓi keke mai lantarki, ko da kyauta ne, tambayi kanka: a ina zan riƙa caji?

Ana iya caji da hasken rana. Amma kada a haɗa farantin sola kai tsaye da batirin keke. Dole a sa na'urar daidaita caji wadda ta dace da 24V, ko kuwa a jona cajar keken a inbata. Wannan aikin mai gyaran lantarki ne. In janareta ne, bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona caja, kuma ka cire ta kafin a kashe shi.

A kan hanya

Rairayi yana shan batir. Haka hawan tudu, da kaya mai nauyi, da taya marar iska. Tafiyar da za ka yi a kan kwalta ba ita za ka yi a cikin yashi ba. Ka riƙa duba fitilun da ke kusa da sandar tuƙi. In sun kai rabi, juya gida. Da damina, kada ka shiga ruwan gulbi ko kududdufi da keken. Da hunturu, ka riƙa share ƙura da busasshen tsumma.

A kusa da ƙafafun baya akwai ɗan maɓalli da ke kwance inji domin a tura keken da hannu. Koya wa iyalinka inda yake. Amma kada a kwance shi a kan gangare, don birki ba zai kama ba.

Alamun batir ya gaji

Tafiyar da ka saba yi ta gagara. Caji yana cika da sauri, yana ƙarewa da sauri. Jikin batir ya kumbura, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ka ga kumburi ko ka ji wari, cire caja nan take. Batirin dalma yakan yi shekara 1 zuwa 2. In za ka canza, canza biyun tare, iri ɗaya, lamba ɗaya. Tsoho yana kashe sabo.

Hattara da tsohon batir

Dalma guba ce, musamman ga yara da mata masu ciki. Tsakanin ƙarshen shekarar 2007 da farkon 2008, yara 18 sun rasu a wata unguwa kusa da Dakar, ƙasar Sanagal, inda ake fasa tsofaffin batura. A 2010 kuma, gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara. Kada ka fasa batir a gida. Kada ka ƙona shi, kada ka jefa shi kusa da rijiya ko gona. Mayar da shi rufe ga mai sayar da sabo. In ruwansa ya taɓa fata ko ido, wanke da ruwa mai yawa na minti 15, sa'an nan a tafi asibiti.

Ka tuna: inuwa da rana, caji da dare. Karanta wa maƙwabcinka wannan darasi, domin shawarar nan tana da amfani ga batirin sola na gida ma.