Amfilifayar share fage: aikinta, tarihinta da yadda ake haɗa ta da hannu

Duk wanda ya taɓa jin lasifikar masallaci ko ta zauren taro tana gurnani a ƙarƙashin muryar mai magana, to ya ji aibin wata na'ura da ba kasafai ake ambatonta ba. Ita ce amfilifayar share fage, wadda ke karɓar sauti tun yana ɗan ƙanƙani daga makirufo ko allurar garmaho, ta ɗaga shi zuwa matakin da babbar amfilifaya za ta iya aiki da shi. Ba ita ke motsa lasifika ba. Sai dai duk wata ƙara da ta shiga a wannan mataki, babbar amfilifaya za ta ninka ta tare da muryar, kuma babu sauran gyara a gaba.

Lantarkin da ke fitowa daga makirufo irin na hannu bai wuce 'yan milibolt ba, wato 'yan kashi cikin dubu na bolt ɗaya. Allurar garmaho mai maganaɗisu tana bayar da kusan milibolt 5. Su kuwa kayan sauti na gida suna aiki ne da kusan sulusin bolt zuwa bolt guda. Ke nan ana bukatar a ninka siginar sau 100, wani lokaci har sau 1,000.

Faifan garmaho yana da ƙarin sharaɗi. Lokacin yanka shi ana rage ƙarfin amo mai kauri domin kada layin ya ci wuri, ana kuma ƙara na siriri domin ya rinjayi shuwar faifan. A shekarar 1954 ƙungiyar masana'antar faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ma'auni guda na wannan. Dole na'urar ta juya shi: ta ɗaga mai kauri da kusan desibel 20 a can ƙasa, ta sauke siriri da kusan haka a can sama. Shi ya sa garmahon da aka jona a ramin da ba nasa ba yake fitar da sauti siriri, marar jiki.

Al'adar sayen kayan a warwatse a haɗa a gida ta bunƙasa ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Heath da ke jihar Mishigan ya sayi rarar kayan lantarkin soja, ya fitar da ƙunshin haɗi na farko na Heathkit a 1947. A 1955 David Hafler ya kafa Dynaco a Filadalfiya, kuma amfilifayoyinsa na share fage masu suna PAS, waɗanda ke amfani da kwalaben lantarki huɗu samfurin 12AX7, har yau ana gyara su ana sayarwa. Hikimar a lokacin ta tattalin arziki ce: haɗa na'ura a masana'anta aikin hannu ne mai tsada, don haka wanda ya yi da kansa ya rage kuɗi sosai. Da injuna suka karɓe aikin, ragin ya gushe, Heath ya daina sayar da ƙunshin a 1992. Wanda ya sayi irinsa a yau, ilimi da sauƙin gyara yake saye, ba araha ba.

Ƙunshin zamani yakan zo da allon haɗi, razistoci, kafasitoci, maɓallin ƙara murya da ƙaramar ƙwaƙwalwar ninka sigina, galibi NE5532 ko TL072. Razistoci biyu ne ke yanke yawan ninkin: a raba babbar da ƙaramar, a ƙara ɗaya. Mai om 100,000 da mai om 1,000 suna bayar da ninki 101.

Ana fara aiki da ƙidaya kayan bisa jerin da ke takardar, a auna kowace razista da mita, domin launukan jikinsu suna ruɗar ido, musamman ja da ruwan ƙasa. Daga nan sai a liƙa gajerun kaya kafin dogaye. Dalmar liƙi ta gama-gari tana narkewa a kusan digiri 190, ana kuma sa ƙarfen liƙi tsakanin 320 da 350. A ɗumama ƙafar kayan da jan ƙarfen allon tare, sannan a kawo dalma. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa. Liƙi mai kyau yakan yi santsi ya rungume ƙafar, wanda bai kama ba kuwa yakan dunƙule, kuma shi ne tushen mafi yawan na'urorin da ke aiki yau su ɗauke gobe. Kafasita mai ruwa tana da gaba da baya, idan aka juya ta tana iya kumbura ta fashe. Ƙwaƙwalwar kuma gara a liƙa mata gurbi, a dasa ta daga ƙarshe, bayan an kunna an tabbatar da mita cewa wutar da ke isa gurbin daidai take.

Wutar ce ke da haɗari na gaske. Ƙunshin da ke aiki da batir ko ƙaramar taransifoma mai bolt 12 zuwa 15 ya dace da mai koyo. Mai kwalaben lantarki yana ɗauke da bolt 250 ko fiye, kuma kafasitocinsa suna riƙe wuta bayan an zare shi daga bango. Ba wurin fara koyo ba ne. Akwai kuma tarkon da ya shafi masu saye daga waje: kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, alhali wutar Najeriya da Nijar ta haura 200. Jona su kai tsaye ƙona taransifoma ne.

Gurnanin da aka ambata a farko yawanci bugun wutar gari ne, sau 50 a daƙiƙa, da ke kutsawa cikin sigina. Maganinsa akwatin ƙarfe, waya mai sulke a mashigar sauti, nisanta taransifoma daga wannan mashiga, da tattara duk wayoyin ƙasa a wuri ɗaya maimakon a bar su su yi zobe.

Saura batun jabu. Ana goge lambar ƙwaƙwalwa mai arha a buga mata sunan mai tsada, kuma da yake ƙafafunsu takwas tsari ɗaya suke bi, na'urar za ta yi aiki, sai dai da shuwa fiye da kima. Mita na iya tona asirin: NE5532 ta gaskiya tana jan kusan mili'amfiya 8 ko ba ta aikin komai, yayin da LM358, wadda akan sakaya a madadinta, take jan kusan guda ɗaya kacal.