Daga Ɗakin Kaka Zuwa Takarda: Tarihin Tatsuniya a Zango

Jama'a, masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kakanninmu da suka sauka ƙasar Yarbawa sun san haka. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fataucin goro da shanu ya bunƙasa, a 1916 aka kafa unguwar Sabo ta Ibadan. Maza suka gina masallaci da makarantar allo. Mata kuwa, tasu makarantar da dare take ci, bayan an ci tuwo an shimfiɗa tabarma. Tsohuwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Yaron da aka haifa a nan, bai taɓa ganin Kano ba, a bakin kakarsa ya san Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, ya san gamji da kuka da rijiya gaba dubu.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutanen da ke nesa da gida irinmu suna da hannu babba wajen shigar da tatsuniya cikin littafi. Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, ya bi Baturen nan Barth zuwa Ingila a 1855. A can wani malamin mishan mai suna Schön ya riƙa rubuta labaran da yake ba shi, suka fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Haka kuma a ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, Malam Shaihu ya rubuta tatsuniyoyi da ajami, Rattray ya buga su a 1913. A Arewa kuma Edgar ya fitar da Littafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i 3, tsakanin 1911 da 1913, daga rubutun malamai.

Sai zamanin boko ya kankama. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3, suka fito daga 1937 zuwa 1939, aku ne ma ke ba ɗan sarki labari a na farkon. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi 6, domin 'yan firamare, kuma a nan Ibadan kamfanin da ya buga su yake. Yaro dai da kunne yake fara karatu. Wanda ya saba jin labari ya san farko da tsakiya da ƙarshe, ya tara kalmomi, ya iya tambayar "sai me ya faru?" Ranar da ya ga baƙi a takarda, ai tsohon sani ya tarar.

To, ina aka kwana? A 1976 aka soma ilmin firamare kyauta a ƙasa baki ɗaya, 'ya'yanmu suka shiga aji da yawa. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na mutanen wurin da yake zaune. A nan kuwa harshen wurin Yarbanci ne, sai Turanci. Ka ga ke nan Hausa gida aka bar wa. Gidan kuma sai talabijin ta shigo, bidiyo ya biyo baya, ga wayar hannu ta zo ta raba kowa da kowa. Tabarmar kaka ta naɗe. Shi ya sa za ka ga ɗan Sabo yana jin Hausa ras, amma ka miƙa masa wasiƙar kawunsa daga gida, ya tsaya yana in'ina.

Maganin ba ya buƙatar kwabo. Uwa ta ware ɗan lokaci bayan isha'i, a ajiye waya, ta ba da tatsuniya ɗaya. Gobe yaron ya maimaita da bakinsa. Uba in ya je Arewa, ya haɗo tsarabar littafi tare da kilishi, ya karanta da ƙarfi yana nuna baƙi da yatsa. Tsofaffinmu da suka rage kuma, a je a ɗauki muryarsu tun suna nan, yayyen yara su rubuta. Malam Shaihu da tawada da alƙalamin kara ya yi nasa a ƙasar baƙunci, mu da muke da biro da waya me za mu ce wa jikokinmu? Allah ya raya mana zuri'a, amin. Ƙurunƙus.