Yauƙin Kuɓewa da Lafiyar Zuciya

Kuɓewa tana daga cikin kayan miya da ake nomawa a gonakinmu da fadamunmu, damina da rani. Mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayani game da yauƙinta, domin ana yawan cewa maganin ciwon zuciya ne.

Abin da yauƙin ya ƙunsa

Masana suna kiran sinadarin da ke kawo yauƙi polisakarayid, wato ƙananan ƙwayoyin sukari da suka sarƙu da juna kamar sarƙa. Manyan ƙwayoyin da ke cikin na kuɓewa uku ne: galaktos da ramnos da galakturonik asid. Hanjin ɗan Adam ba ya narkar da wannan sarƙa kamar yadda yake narkar da sukarin shayi. Akwai dangin wannan sinadari a lalo da karkashi da kuka.

Yadda yake aiki

Hanta tana haɗa ruwan matsarmama ne daga kitsen jini da ake kira kolestarol. Idan yauƙi ya isa hanji, yakan riƙe wani kaso na wannan ruwa ya fita da shi ta bayan gida. Sai hanta ta ɗebi wani kolestarol daga jini domin cike gurbin. Raguwar wannan kitse tana rage haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya. Sai dai yawancin gwaje-gwajen da suka nuna haka a kan ɓeraye aka yi su, kuma na mutane ba su da yawa.

Gargaɗi

Kuɓewa abinci ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin maganin hawan jini. Wani bincike na 2011 ya nuna ruwan kuɓewa yana rage shigar maganin ciwon sukari na metformin cikin jinin ɓeraye. Saboda haka mai shan wannan magani ya tuntuɓi likita kafin ya fara shan jiƙonta. Haka kuma yawan gishiri da kanwa da dunƙulen ɗanɗano a miya yana ɓata amfaninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi zai ci a rana ya kai giram 5.

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani ga jama'a, su kuma ƙarfafa musu zuwa awon jini a asibiti mafi kusa.